Wane dangin soket ya dace da aikina?

Abdurrahman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina da manhajoji biyu a kan uwar garke ɗaya mai Linux, ɗaya tana karɓar buƙatun masu amfani, ɗayar tana yin lissafi mai nauyi ta mayar mata da amsa. Tun farko na haɗa su ta TCP a kan 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutar kanta, ƙofa ta 9000, domin hanyar da na iya ke nan. Jiya na buga `man 7 address_families`, sai na ga ashe dangogin soket (soket shi ne mahaɗar da manhaja ke aika saƙo da karɓarsa ta cikinta) da kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya sani lambobinsu sun haura 40. Ni biyu kawai na taɓa amfani da su, AF_INET da AF_INET6. Shin akwai wanda ya fi dacewa da aikina a cikinsu? Sauran kuma, in bar su yadda suke ko akwai abin da ya kamata in yi musu?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam, Abdurrahman. Kafin ka zaɓi dangi, tambayi kanka da wa manhajarka za ta yi magana. Idan da wata kwamfuta ce ta hanyar sadarwa, AF_INET ko AF_INET6. Idan da maƙwabciyarta ce a cikin kwamfuta ɗaya, AF_UNIX. Idan da kanel kansa ne, AF_NETLINK. Abin da gurbin farko na kiran `socket()` yake tambayarka ke nan. Gurbi na biyu yana tambayar salon isar da saƙo, na uku kuma ƙa'idar da za a bi a cikin dangin. Haka aka tsara shi tun tsarin aiki na 4.2BSD na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983, lokacin da ba wanda ya tabbatar cewa TCP/IP ne zai mamaye duniya, shi ya sa aka bar wa sauran ƙa'idoji wurin zama.

Taka matsalar a bayyane take. Manhajojinka biyu suna gida ɗaya, don haka AF_UNIX nake ba ka shawara.

Abdurrahman: Na gode Malam. Don sauri ne?

Malam Nasiru: Akwai sauri, tunda saƙon ba ya bi ta matakan TCP da IP, amma ba shi ne babban dalilina ba. Izini ne. Ƙofa ta 9000 da ka buɗe a kan 127.0.0.1, duk wani mai asusu a kwamfutar nan zai iya ƙwanƙwasa ta, kuma manhajarka ba ta da hanya mai sauƙi ta sanin ko wane ne. Soket ɗin AF_UNIX kuwa yana zama kamar fayil, misali /run/lissafi/soket, sai ka sa masa mai shi da rukuni da izini kamar kowane fayil. Bayan haka akwai SO_PEERCRED. Da shi kanel zai gaya maka lambar asusun wanda ya haɗu da kai, da rukuninsa, da lambar aikinsa mai gudana. Kanel ne ya faɗa, ba mai haɗuwar ba, saboda haka ba ya iya yi maka ƙarya. Da irin wannan PostgreSQL, wato rumbun adana bayanai, yake gane mai shiga ta soket ɗinsa ba tare da kalmar sirri ba, idan an saita shi a kan `peer`.

Usman: Malam, a yi mini afuwa, ina da ja a nan. Ranar da aikin Abdurrahman ya bunƙasa, ya so ya mayar da manhajar lissafin kan wata uwar garke daban fa? Da TCP adireshi kawai zai canza. Da AF_UNIX sai ya koma cikin rubutun manhajar. Ni na fi son in bar TCP tun farko, in sa kalmar sirri tsakaninsu, in huta.

Malam Nasiru: Hujjarka tana da ƙarfi, Usman, ban musa ba. Sai dai bambancin da ke tsakaninsu a rubutu layuka kaɗan ne: wurin `socket()`, da tsarin adireshin da za a miƙa wa `bind()` da `connect()`. Daga `accept()` zuwa gaba duk ɗaya ne, karatu da rubutu ba sa canzawa. Idan ya keɓe waɗannan layukan a wuri guda, ya sa adireshin a fayil ɗin saiti, ranar ƙaura ba zai sha wahala ba. Nginx, mai hidimar shafukan yanar gizo, shi ma haka yake karɓa, ko ka ba shi adireshi da ƙofa, ko ka rubuta `unix:` ka biyo da hanyar fayil.

Usman: Na yarda da wannan, in dai zai rubuta shi ta yadda zai ɗauki duka biyun. Abin da nake gudu shi ne a dasa hanyar fayil a tsakiyar manhaja a manta.

Zainab: Ɗan'uwa Abdurrahman, idan ka bi shawarar Malam, ga abubuwan da suka taɓa ba ni wahala, ka kiyaye su. Gurbin `sun_path` bait 108 ne kawai a Linux, a macOS da FreeBSD kuma 104. Na taɓa sa soket a cikin babban fayil mai zurfi sosai, hanyar ta yi tsawo, na kwana biyu ina neman dalilin da ya hana haɗuwa. Sannan fayil ɗin soket ba ya gogewa da kansa idan manhaja ta mutu. In ta sake tashi `bind()` zai ƙi, ya ce EADDRINUSE, wato ana amfani da adireshin, alhali babu mai amfani da shi. Sai ka kira `unlink()` kafin `bind()`, ko ka bar systemd, mai tayar da manhajojin kwamfuta da tsayar da su, ya kula da babban fayil ɗin da `RuntimeDirectory=`, wanda yake ƙirƙirar shi a ƙarƙashin /run idan manhaja ta tashi, ya share shi idan ta tsaya.

Kuma tunda buƙata da amsa kake aikawa, duba SOCK_SEQPACKET. Yana riƙe haɗi da jerin saƙonni kamar SOCK_STREAM, amma yana kiyaye iyakar kowane saƙo. Abin da ka aika a kira ɗaya shi zai iso a karatu ɗaya, ba sai ka ƙirƙiri hanyar gane inda saƙo ya ƙare ba.

Abdurrahman: Wannan na ƙarshen ya zo mini daidai, Yaya Zainab. Rabin kurakuran da na yi fama da su a manhajar nan daga rarrabe saƙonni suke, wani lokaci biyu su manne, wani lokaci ɗaya ya iso rabi. Na kuma ga ana maganar soket marar fayil, wanda sunansa yake farawa da bait sifili. Ba zai raba ni da matsalar `unlink()` ba?

Malama Hadiza: Zai raba ka da ita, amma ya ƙwace maka abin da ya sa Malam Nasiru ya kawo ka AF_UNIX tun farko. Tunda babu fayil, babu izinin fayil. Duk wanda ke cikin keɓaɓɓen filin sadarwa ɗaya da kai zai iya haɗuwa da shi, sai dai in ka tsare ƙofar da kanka ta SO_PEERCRED. Ga shi kuma na Linux ne kaɗai. Ni ban ba ka shawararsa ba. Goge fayil ɗaya bai kai a sayar da tsaro dominsa ba.

Bari in koma kan tambayarka ta biyu, domin ita ta fi damuna, kuma ba a taɓa ta ba tukuna. Yawancin dangogin nan da ka gani ba a cikin jikin kanel suke zaune ba, modul-modul ne da ke ajiye a faifai. Idan wata manhaja ta kira `socket()` da lambar dangin da ba a loda ba, kanel da kansa zai nemi modul mai laƙabin `net-pf-` da lambar, ya loda shi. Manhajar ba ta bukatar zama root, wato asusun da ke da cikakken iko, kafin hakan ta faru. Ma'ana, asusu mafi ƙanƙanta a uwar garkenka zai iya jawo dubban layukan da ba ka taɓa amfani da su ba zuwa cikin kanel, inda kuskure ɗaya ya isa a karɓe kwamfutar gaba ɗaya. Ya faru a 2010 da dangin RDS, mai lamba 21: ɓarakar CVE-2010-3904 ta bai wa mai ƙaramin asusu damar zama root a kwamfutocin da masu su ba su ma san RDS yana ciki ba. A 2021 kuma aka samu wata a TIPC, CVE-2021-43267. Dangin da mutane kaɗan ke amfani da shi, idanu kaɗan ne ke duba rubutunsa.

Abdurrahman: Subhanallahi. To yaya zan rufe su, Malama?

Malama Hadiza: Ta hanya biyu, kuma ka yi duka. Ta farko ga kwamfutar baki ɗaya: ƙirƙiri fayil a /etc/modprobe.d, ka rubuta `install rds /bin/false`, haka ma `tipc`, da duk wanda ka tabbatar ba ka bukata, kamar `appletalk` da `x25`. Kada ka dogara da kalmar `blacklist` ita kaɗai, domin ba ta hana a loda modul da ainihin sunansa. Ta biyu ga kowace manhaja: a fayil ɗinta na systemd ka sa `RestrictAddressFamilies=` ka lissafa dangogin da ta cancanta kawai. Manhajar lissafinka, in dai da 'yar'uwarta kaɗai take magana, AF_UNIX ya ishe ta. Ko wani ya samu ya kutsa cikinta, ba zai iya buɗe soket ɗin intanet ya fitar da bayanai kai tsaye ba. Rigakafi ya fi magani.

Kafin ka rufe komai, duba abin da ke aiki yanzu. `cat /proc/net/protocols` zai nuna maka ƙa'idojin da kanel ya yi wa rajista da yawan soket ɗin kowace. `ss -xa` zai jero na AF_UNIX, `ss -0` na AF_PACKET, `ss -f netlink` na netlink.

Injiniya Bello: Malama, ina goyon bayan rufewar, sai dai kada Abdurrahman ya tashi da tunanin cewa sauran dangogin tarkace ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni kusan kullum da AF_CAN nake aiki, mai lamba 29. CAN ita ce hanyar da ƙananan kwamfutocin cikin mota da injinan masana'antu suke magana da juna, kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986. Da, kowane mai ƙera na'urar haɗi da nasa direba da nasa salon kira, in ka canza na'ura sai ka sake rubutu. Da SocketCAN ya shiga Linux 2.6.25 a 2008, da gudummawar masu bincike na Volkswagen, sai layin CAN ya zama kamar katin sadarwa mai suna can0. Manhajoji da yawa za su iya sauraron layi ɗaya a lokaci guda, kowace da matatarta. Saƙonsa ƙarami ne, bait 8 a tsohon tsari, 64 a CAN FD.

Duk mai son koyo ba sai ya mallaki mota ko na'ura ba. Loda modul ɗin `vcan`, ka buga `ip link add dev vcan0 type vcan`, ka tashe shi, ka girka can-utils, ka buɗe `candump vcan0` a taga ɗaya, ka aika da `cansend` a wata. A nan na fara fahimtar dalilin da ya sa aka raba dangi da salon saƙo a `socket()`. Babu adireshin IP, babu ƙofa, amma `bind()` da `read()` da `write()` suna nan yadda ka san su.

Malama Hadiza: Gaskiyarka, Injiniya. A kan na'urarka AF_CAN ne abin buɗewa, a kan uwar garken Abdurrahman kuma abin rufewa ne. Ko masu kula da kanel ma suna sharar gida: sun cire DECnet a Linux 6.1 a 2022 bayan ya daɗe babu mai kula da shi. Lambarsa 12 tana nan a ajiye, amma in ka kira ta yau EAFNOSUPPORT za ka samu, wato ba a goyon bayan dangin.

Zainab: Tunda kowa ya fara kawo nasa, nawa AF_VSOCK ne, lamba 40. Idan wata rana, Abdurrahman, ka sa manhajar lissafin a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato baƙuwar kwamfuta mai gudana a cikin wata, don ka killace ta, AF_UNIX ba zai tsallaka ba, domin kanel biyu ne yanzu. Mutane sukan ƙirƙira wa baƙuwar kwamfutar katin sadarwa da adireshin IP don wannan maganar kaɗai. Da vsock ba ka bukata. Adireshinsa lamba biyu ne, CID, wato lambar shaidar kwamfuta, da ƙofa, kuma mai masaukin kullum CID ɗinsa 2 ne. Ya shiga Linux 3.9 a 2013 daga VMware, daga baya aka ƙara masa hanyar virtio don KVM, tsarin kwamfutar kwaikwayo na Linux. Baƙuwar za ta iya zama ba ta da hanyar fita intanet ko kaɗan, amma tana magana da mai masaukinta. Abin lura ɗaya: dokokin katangar tsaronka na nftables ba sa ganin wannan zirga-zirgar, don haka manhajar da ke sauraro ita za ta tantance mai shigowa.

Usman: Ni dai zan tsaya a gefen manhajar da ke fuskantar waje, tunda ita dole ta yi magana da intanet. Abdurrahman, kada ka rubuta AF_INET da hannu a cikinta. Kira `getaddrinfo()` da AF_UNSPEC, ka bi jerin da ya dawo maka da shi, ka ajiye adireshi a `sockaddr_storage` wanda yake ɗaukar kowane iri. Kuma kada ka taɓa rubuta lambar dangi a fayil ko ka aika ta ga wata kwamfuta. AF_INET 2 ne kusan ko'ina, amma AF_INET6 10 ne a Linux, 28 a FreeBSD, 30 a macOS, 23 a Windows. Na taɓa gadon wata manhaja da ke aika lambar 10 a cikin saƙonta, tana aiki lafiya shekaru, ranar da aka haɗa ta da kwamfuta mai wani tsarin aiki daban komai ya tsaya.

Wani abin kuma shi ne IPV6_V6ONLY. A Linux, in ba a taɓa saitin ba, soket ɗin AF_INET6 da ke sauraro a kan `::` yana karɓar masu zuwa ta IPv4 ma, sai adireshinsu ya bayyana da `::ffff:` a gaba. A Windows ba ya karɓarsu sai ka ba shi dama, OpenBSD kuwa ba ya yarda da hakan sam. Saita shi da kanka a fili, kada ka bar wa tsarin aiki ya zaɓa maka.

Abdurrahman: Allah ya saka da alheri. Tambaya ƙarama: wasu misalan suna rubuta PF_INET, wasu AF_INET. Wanne ne daidai?

Malam Nasiru: Lambarsu ɗaya. An yi niyyar PF ya zama dangin ƙa'ida, AF dangin adireshi, da tunanin ƙa'ida ɗaya za ta iya samun salon adireshi fiye da ɗaya. Hakan bai tabbata ba. Rubuta AF ko'ina.

Abdurrahman: Na dawo da rahoto. Na mayar da haɗin kan AF_UNIX da SOCK_SEQPACKET, soket ɗin yana /run ƙarƙashin `RuntimeDirectory=`, na goge kusan duk rubutun da ke rarrabe saƙonni. Manhajar lissafi tana tafiya lafiya da AF_UNIX kaɗai. Amma ta gaban, mai karɓar buƙatun masu amfani, ta ƙi tashi. Na ba ta AF_UNIX da AF_INET da AF_INET6, sai ta mutu da kuskure mai lamba 97 tun kafin ta fara sauraro. Da na cire layin ƙuntatawar sai ta tashi. Me na manta?

Malama Hadiza: 97 shi ne EAFNOSUPPORT, wato ta nemi dangin da ba ka ba ta ba. Tana duba adireshin katunan sadarwar kwamfutar lokacin tashi?

Abdurrahman: E, tana kiran `getifaddrs()` don ta rubuta su a rajistar aiki.

Malama Hadiza: To ga shi nan. A glibc, wato ɗakin karatun C na Linux, `getifaddrs()` ba ta da wata hanyar samun wannan bayanin sai ta buɗe soket ɗin AF_NETLINK, lamba 16, ta tambayi kanel. Ta nan umarnin `ip` da `ss` suke bi, ta nan kuma udev yake jin an cusa sabuwar na'ura. Kai ba ka rubuta shi ba, ɗakin karatun C ne ya buɗe a madadinka. Gaba in ka yi shakka, gudanar da manhajar da `strace -f -e trace=socket`, za ka ga kowane dangi da ta nema da idonka kafin ka rubuta jerin.

Zaɓi biyu gare ka. Ko ka ƙara AF_NETLINK a jerin, ko ka cire kiran in rubutun rajista ne kawai amfaninsa. Ni da zan cire, domin ta netlink ake isa ga sassa da yawa na kanel, har da nftables, kuma manhajar da ke fuskantar intanet ita ce ta fi cancantar a taƙaita mata.

Malam Nasiru: Akwai na uku, in kana son ka ƙara matsawa. Ƙuntatawar tana kan kiran `socket()` ne kawai, ba ta shafi soket ɗin da aka miƙo wa manhaja a buɗe ba. Idan ka rubuta fayil ɗin `.socket`, systemd zai buɗe ƙofar sauraron da kansa ya miƙa wa manhajarka, sai ka cire mata AF_INET da AF_INET6 ma. Za ta karɓi masu shigowa ta amsa musu, amma ba za ta iya buɗe sabon haɗi zuwa waje ba. Sharaɗin shi ne ba ta bukatar kiran wata uwar garke ko neman suna ta DNS da kanta.

Abdurrahman: Ba ta kiran kowa sai manhajar lissafi. Na cire `getifaddrs()`, ta tashi da dangogi ukun. Zan gwada fayil ɗin `.socket` a kwamfutar gwaji tukuna, domin sai na gyara wurin da take kiran `bind()` ta koma karɓar buɗaɗɗen soket ɗin daga systemd a lambar riƙo ta 3. Yaya Zainab, in na kai ga sa ta lissafin a kwamfutar kwaikwayo zan neme ki kan vsock, musamman ko SOCK_SEQPACKET yana aiki a can.

Zainab: Yana aiki ta virtio a kanel na zamani, amma sai ɓangarorin biyu sun goyi bayansa, mai masauki da baƙuwa. Turo mini abin da `uname -r` ya nuna a kowannensu in ka shirya, mu duba tare.